Yadda Ake Cinye Agadas da Duwatsun Abzin a Yini Guda

Duk shekara, da zarar sanyi ya kankama, sai Allah ya jefo mini baƙo mai takarda. Wani daga Kano, wani daga Maraɗi, wani daga Yamai. Zai sauko daga mota da ƙura har cikin gira, bai ko kurɓi ruwa ba zai zaro 'yar takardarsa: hasumiya, fadar Sarki, gidan Bature, Timiya, dutsen Bagzan, raƙuman dawan Dabus, “da kuma Tenere idan lokaci ya rage.” Ka tambaye shi kwana nawa zai yi, ya ce gobe bayan Magariba zai juya. Da can ina musu da irinsu. Yanzu na daina, shawara nake ba su, ga ta kuma kyauta.

Tun daren da ka iso ka sayi rawani, kada kuma ka yarda wani Buzu ya koya maka naɗi. Ai ba yau ka fara ganin rawani ba. Tsaya gaban madubi ka nannaɗe kanka, ka ja amawali har bisa hanci. Zai riƙe ka lafiya lau har zuwa ƙofar fada, inda zai warware gaban dogarai. Amfaninsa shi ne gari duka zai san an yi baƙo, farashin komai kuma zai gyaru daidai da darajarka. Takalmi kuwa ka zaɓi sau-ciki mai igiya, tunda sau goma za ka tuɓe shi kafin Azahar.

Da hantsi sai hasumiyar babban masallaci. An gina masallacin a 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin, ana kuma danganta ginin da wani malami mai suna Zakariya. An sake gyara hasumiyar a 1844. Tsayinta mita 27, kuma tana cikin hasumiyoyin laka mafi tsawo a duniya. In kai Bakatsine ne, ka haɗiye zancen hasumiyarku ta Gobarau har sai ka sauko ƙasa. Waɗannan itatuwa da suka tsire daga jikinta kamar ƙayar bushiya ba ado ba ne kawai, su magina ke takawa in za a yi yaɓe. Kai dai ta ciki za ka bi, bayan ka nemi izini. Shawarata ita ce ka cika cikinka da tuwo tukuna, ka kuma zuba babbar riga mai sitaci, domin matakalar tana ƙara tsukewa ne gwargwadon yadda kake hawa. Kusa da ƙarshe sai da rarrafe. Jemagun da ke ciki sun riga ka zuwa, ka yi musu sallama.

Da ka leƙo sama za ka yafe wa matakalar. Gari ne ja-ja-jawur shimfiɗe a ƙarƙashinka, rufin soro bayan rufin soro, tabarmin waɗanda suka kwana a sama ba a ko naɗe ba, hayaƙin karin kumallo na tashi daga tsakar gidaje. Can arewa za ka hango duhun duwatsu. Nuna wanda ya fi tsawo da yatsa, ka ce, “Ga Bagzan can.” Ba shi ba ne. Bagzan na can nesa da ƙololuwarsa mai mita 2,022, amma a hoton waya wa zai tantance? Soke shi daga takarda.

Sai fada. A nan ne baƙi ke asarar rabin yininsu, saboda fada iri biyu ce a ƙasar nan. In ka tare ɗan kabu-kabu ka ce ya kai ka fada, yana iya sauke ka gindin wata bishiya inda samari suka shimfiɗa tabarma suka ɗora 'yar buta a kan gawayi. Ita ma fada sunanta, kowace unguwa da tata. Za su matsa maka wuri, su miƙo ƙaramin kofi mai kumfa. Karɓa. Ka dai sani shayin nan hawa uku ne, na farko ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe zaƙi zalla, kuma tashi bayan kofi ɗaya rashin ta-ido ne. Mai dafawa ba ya sauri don kowa: zai ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya mayar, ya ɗanɗana, ya girgiza kai, ya sake ɗorawa. Kana iya duba agogo a kai a kai, yana taimaka wa gawayi ya kama.

Fadar Sarkin Abzin kuwa ga ta nan daf da masallaci, inda sarauta ta zauna tun ƙarni na 15. Tuɓe takalmi, gyara abin da ya rage na rawaninka, ka zauna inda aka nuna maka. In dogari ya ce “yanzun nan,” kada ka tambaye shi ƙarfe nawa ke nan. Garin nan ya ga baƙin da suka fi ka uzuri. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tako har nan neman ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ba mu kuma ji an ce ya zo da takardar yini ɗaya ba.

Tsohon gari unguwa 11 ne, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Yara za su biyo ka suna cewa za su raka ka. Kore su. Mutumin da ya san lungunan kasuwar Kurmi ta Kano ai ba ya ɓata a Agadas. Bayan ka wuce akuya ɗaya sau uku, sai ka kira yaran. Su za su kai ka gidan da Baturen Jamus Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a watan Oktoba na 1850. Shi ya yi kusan mako uku yana rubuce-rubuce. Kai minti biyar ya ishe ka, ɗakin ma ba wani girma gare shi ba. Daga nan gidan Sidi Ka mai burodi, wanda aka ƙawata bangonsa da zanen laka har wani ɗan Italiya, Bertolucci, ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa na 1990 a ciki. A hanyar komawa ka leƙa otal ɗin da ke fuskantar masallaci: gidan Kawsan ne, jagoran da ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a garin nan daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. In kuma kana bin tsarin Turawa ne, waɗanda yawonsu ba ya cika sai sun ƙirga majami'u, akwai cocin Katolika a gari. Ƙirga shi, an wuce wurin.

Yanzu rana ta take tsaka, masu shago sun ja ƙofa, raƙuman kasuwar dabbobi ma sun durƙusa. Kai ci gaba da tafiya, kana da takarda.

Abin da ya rage duwatsu ne, a nan kuma nake so ka buɗe kunne. Timiya ta haura kilomita 200 daga nan, hanyar kuwa dutse ce da rairayin korama. Sai da motar kat-kat mai shiga daji, da takardar izini, da rakiyar sojoji, yini guda cur kana tsalle a kujera. Ba zan ɓoye maka ba, wahalar ta ci kuɗinta: bayan baƙaƙen duwatsu sai ka faɗa cikin lambunan lemu da rumman da dabino, ga ruwa na zubowa daga tsauni cikin tafki mai sanyi, ga tsohuwar ganuwar sojan Faransa, Fort Massu, bisa tudu, gaba kaɗan kuma ga kangon Asode, tsohon birnin Abzin. To amma kai da Magariba za ka juya. Don haka nufi rumfar maƙera. Azurfar wuya da ake kira kurus ɗin Agadas tana da 'yan'uwa, su 21 ne, kowane gari da nasa: Ingal, Iferwan, Balma, Tawa, Timiya. Sayi na Timiya ka rataya. Ka ƙara da rumman biyu da buhun albasar Tabelot. Wa ya isa ya ce ba ka je ba?

Wajen ciniki, in daga Najeriya kake, ka tuna dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. In maƙeri ya ce dala dubu biyu, yi maza ka ce ya yi arha ka miƙa masa sefa 2,000, ka ga irin kallon da ake yi ta saman amawali.

Raƙuman dawan Dabus, waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya fi mita 5, suna wajen hanyar Arlit, hanyar da ba na yi wa maƙiyina fatan ya bi ta da gaggawa. Tenere kuwa ta fi sauƙi. Shahararriyar itaciyarta, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar yashi, wani direban babbar mota ya yi nasarar samo ta ya buge a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai. In ta can ka biyo, ka riga ka wuce ta.

Baƙona na bara wani Alhaji ne daga Kano, gidansu ma ba nisa da unguwar Agadasawa. Ya bi shawarar nan tiryan-tiryan har zuwa fadar samari, daga nan labari ya sha bamban. Ran kwana na tara Hajiya ta bugo mini waya.

“Malam, don Allah Alhaji lafiya? Cewa ya yi yini ɗaya.”

Na ce, “Lafiya lau, Hajiya, bari in kai masa.”

Na tarar da shi kishingiɗe a tabarma, rawani ya zauna daram, wani yaro ya naɗa masa. Takardar tana hannunsa, ya ninke ta biyu yana fifita gawayi. Ya ɗago ya dubi wayar, ya dubi butar.

“Ce mata zan kira,” in ji shi. “Yanzu aka ɗora na biyu.”