Zuwa ga Bazazzagi Mai Jitar Miliyoyi

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa. Bayan haka, labarin jitarka ya iso Kano, kuma ba kowa ya kawo shi ba sai kai da kanka, tunda daga Tudun Wada har Samaru babu wanda ya rage ba ka tura wa hotonta ba. Martin D-28, in ji ka, har da gargaɗin in daina kiranta garaya. To na daina. Garaya ai kaɗa ta ake yi.

Ka san mu Kanawa ba ma yabon kaya sai mun ji farashi. Sabuwar D-28 ta haura dala 3,000, ba a zo maganar kuɗin jirgi da na kwastan ba. Na tambayi canji a Wapa, na buga lissafi, sai da na nemi wuri na zauna. Jarin da wani zai zuba atamfa a Kantin Kwari ya ci da iyalinsa, shi ka kwashe ka miƙa a kan katako mai rami a tsakiya.

Ba kayan nake rainawa ba, kar ka ce hassada ce. Masu ƙera ta ba yau suka fara ba. Wani Bajamushe, Christian Frederick Martin, ya kafa kamfanin a 1833, kuma har yau a Nazareth, wani ɗan ƙaramin gari a Amurka, ake aikin. Ita wannan samfurin tun 1931 ake yin ta. Fuskarta farin itace ne mara nauyi na dazukan sanyin arewacin Amurka, baya da gefe kuma wani jan itace mai duhu daga Indiya. An fefe fuskar ta yi siririya, kaurinta wajen milimita 3, ga tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta dare da rana da nauyin da ya wuce kilo 70. Daga wannan sirantakar amonta yake fitowa, daga nan kuma wahalarka ta samo asali.

Su masu ita sun ce a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Zariya! Garin da in hunturu ya kankama danshi kan faɗo ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, dugaduganka su yi fason da za a iya ɓoye kwabo a ciki. Iskar da ta yi wa fatarka haka, me kake zaton za ta yi wa katako mai kaurin milimita 3? Zai bushe ya tsuke, bakin ƙarafan da ke jere a wuyanta su fara cizon hannu, wata safiya ka buɗe akwati ka tarar da tsaga daga gindin tsirkiya zuwa ƙasa. Damina ta faɗi kuma cikinta ya kumbura, tsirkiya ta yi sama, dannawa ta gagara.

Shi ya sa ka koma mai jinya. Na ga soson da kake jiƙawa ka matse, ka sa a gidan sabulu da ka huda da ƙusa, ka cusa a akwatin. Na ga ɗan agogon auna danshi da kake tashi cikin dare ka haska da fitilar waya. An mayar da ita amarya: ba ta fita rana, ba ta shan iskar fanka, yara ba sa shiga ɗakinta, baƙo sai ya wanke hannu kafin a bari ya gaisa da ita. Uwargida ta faɗa mini, duk shekarun da ta yi a gidanka ba a taɓa tashi da dare an auna mata danshi ba. Na ba ta haƙuri a madadinka, na ce halin Zagezagi ne.

Duk wannan da sauƙi, in da ana jin kiɗa. Ranar da na matsa maka, ka ɗora ta a cinya, ka gyara zaman hula, ka yi kusan rabin sa'a kana murɗa kunnuwanta wai saiti. Sannan ka kwantar da manuniya a kan tsirkiyoyin shida gaba ɗaya, ka cije leɓe, ka shafa da hannun dama. Abin da ya fito, zzz ne da ƙwas. Ka ɗaga hannu da sauri kana hura yatsu, ga shatin waya ja-wur a kan kowanne. Ka ce iska ce ta canja. Ka sake ce tsirkiyar ce ta yi tsayi. Na kama hannun na duba, laushi luƙui, babu ko alamar kanta, ga farce zaƙo-zaƙo. Kanta kuwa ba a sayar da ita a Amurka. Makonni ake yi ana danna waya kullum, ana jin zafi ana ci gaba, kafin ta fito.

Ka tuna marigayi Ɗan Maraya Jos. Kuntiginsa gwangwani ne aka rufe da fata, aka sa ɗan sanda da tsirkiya ɗaya tal. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya zaga ƙasashen duniya, har ya rasu a 2015 ba wanda ya ji ya ce hunturu ya hana shi kiɗa. Kai shida gare ka, ko ɗaya ba ta yi magana ba. A Nijar, Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau a manyan dandalin Turai da Amurka yake wasa. In kuma ka ce a kawo maka mai Martin irinka, ga Willie Nelson. Tun 1969 yake kaɗa tasa, har gogar hannunsa ta huda mata wani ramin a fuska, kuma bai canja ta ba. Taka kuwa ƙyallen goge ƙura ne zai fara huda ta.

In ta ishe ka, kawo ta Kano, ina da mai saye, la'adata kashi goma. In kuma girman kan Zazzau ba zai bari ba, to ka yanke farcen hagu, ka fito da ita daga akwati, ka ba ta rabin sa'a kullum bayan la'asar. Soson ma kar ka daina jiƙawa. Amma don Allah ka riƙa rufe taga, maƙwabta ba su yi maka laifin komai ba.