Lafiyayyar Mota a Hannun Marar Lafiya

Kowa da irin jarabar da ke cin aljihunsa. Wani goro, wani kiwon tattabaru, wani sauya waya duk bayan sallah. Tawa jarabar a ƙarƙashin mota take, wajen ƙafar gaba. Ba na iya ganin ƙafar motata zaune lafiya in ƙyale ta. Da zarar an kwana biyu ba a ɗaga ta a jak ba, sai in fara kewaya ta da sassafe, ina harbin taya, ina leƙa ƙasa ko zan ga ɗigon mai. Ranar da ban ga komai ba kuwa, raina a ɓace nake tafiya ofis.

Motar Hilux ce ƙirar 2008, irin wadda ake kira Vigo, mai shan fetur, ta hannu na saya. Tun 1968 kamfanin Toyota yake ƙera Hilux, wato ya shekara arba'in yana wannan sana'a kafin ya fito da tawa. Kowace tayar gaba hannaye biyu ke riƙe da ita, na sama da na ƙasa, da murɗaɗɗen sifirin da ya naɗe shokazoba, sai rak ɗin sitiyari da ke tura tayoyin hagu da dama ta hanyar tayarod. Injiniyoyi ne suka zauna suka auna tsawon kowane ƙarfe da kusurwar da zai tsaya. Ni kuwa akawu ne. Har yau sai na karanta lambar da ke jikin sifana kafin in san ko ita ce sha bakwai. Amma ni ne na duba aikin mutanen nan na ga da sauran gyara.

Hujjar da na ba iyali lokacin sayenta ita ce gona. Ina da 'yar gona can gaba da Tudun Wada, wajen dajin Falgore, kuma da damina hanyar ba ta da kyau. Wannan gaskiya ne. Abin da ban cika faɗi ba shi ne, mai kula mini da gonar a kan babur yake zuwa kullum, kuma tsofaffin Golf suna shiga har bakin ƙauyen su fito da buhunan masara a kan rufi. Ni zuwana gonar a shekara bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan aikin wannan jarumar mota shi ne kai yara makaranta da tsayuwa a cunkoson Titin Gidan Zoo. Dutse mafi girma da take hawa a mako shi ne tudun rage gudu na ƙofar makarantar.

Ciwon daga kunne yake farawa. Ina tuƙi sai in ji wani ɗan "ƙwas" daga gefen dama. Nan take zan kashe rediyo, in sauke gilashi, in karkata kai. In yara suna surutu in daka musu tsawa. Akwai ranar da uwargida take ba ni labarin yadda za a tsara bikin ƙanwarta, magana mai muhimmanci, har da kuɗin da ake jira daga wajena. Na ɗaga mata hannu na ce, "Dakata. Kin ji?" Ta ce, "Me zan ji?" Na juya motar a tsakiyar layi, na koma na sake bi ta kan ramin da muka wuce, a hankali, kunnena a waje. Ƙwas. Na ce, "Shi ke nan, boljoyin ne." Ba ta ce komai ba, ta sunkuya ta zaro filas ɗin shayina daga ƙarƙashin kujera, inda yake ta gara yana bugun ƙarfe, ta ɗora shi a cinyarta. Har muka isa gida babu ƙwas, babu kuma sauran labarin biki.

Ina da bakanike mai tsoron Allah, kuma wannan shi ne babban abin da ke haɗa ni faɗa da shi. In na kai masa motar, sai ya ɗaga ta, ya kama tayar ta gefe da gefe ya jijjiga. In ta yi wasa ta nan, tayarod ne ko rak. Ya sake kama ta sama da ƙasa ya jijjiga. In ta yi wasa ta nan kuma, boljoyin ne ko boris. Ya zura ƙarfe ya banƙari bushin ɗin hannun ƙasa, ya shafa jikin shokazoba ya ga ko tana zubar da mai, ya duba robobin shaf ko sun yage. Sannan ya goge hannu ya ce, "Alhaji, ƙafar nan ƙalau take. Ka je ka sha mai kawai." Wani zai yi hamdala ya tafi. Ni sai in ji kamar ya raina ni. In yi masa godiya sama-sama, in fita in nufi wani garejin da ba a san ni ba, inda na tabbata za a samo mini wani abu. Kuma ba a taɓa ba ni kunya ba. Duk wanda ya shiga gareji fuskarsa tana roƙon a ce motarsa ba ta da lafiya, zai sami mai tausaya masa.

Kada a ce ba ni da hujja ko kaɗan. Ƙafar gaba ba abin wasa ba ce. Kowa ya taɓa ganin mota a gefen titi ta durƙusa, tayarta ɗaya ta lanƙwashe ta shige ciki. Galibi boljoyin ɗin ƙasa ne ya fita daga mazauninsa, kuma in a guje abin ya faru, sai dai addu'a. Hanyoyinmu ma ba sa raga wa ƙarfe. Gargada tana sa shokazoba ta yi ta aiki babu hutu har man cikinta ya yi zafi ya yi kumfa, ta daina riƙe mota. 'Yar robar da ke rufe boljoyin ko tayarod in ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga su gauraya da giris, su cinye ƙarfen daga ciki. Duk wannan haka yake. Matsalar ita ce na haddace shi ne don in riƙa kare kaina. Duk lokacin da aka ce na cika ɓarnar kuɗi a kan mota, sai in gyara murya in ce, "Rayukan iyalina nake karewa." Wa zai yi musu da wannan?

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai na faɗa hannun mutanen Ostireliya a YouTube. Waɗannan bayin Allah suna da hamada da duwatsu da kuɗi, kuma ba sa barin mota yadda aka ƙera ta. Dare ya raba ina kwance, haske a fuskata, ina kallon wani ƙato mai gajeren wando yana bayanin sifirin ɗin Old Man Emu na kamfanin ARB, wani kuma yana rantsuwa da shokazobar Bilstein ta Jamus. Kafin wata ya ƙare na gamsu cewa motata gajera ce, kuma gajartarta abin kunya ne. Na yanke shawarar a ɗaga ta inci 2.

Bakanikena ya saurare ni har na gama, ya ce, "Alhaji, ina za ka da ita?" Na ce gona. Ya ce, "Da can ba ta zuwa ne?" Na ce ba zai gane ba. Ya ce, "To, Allah Ya sa kada a yi gyaran gangar Auzinawa." Ya karɓi kayan ya ɗaura, don ya san in bai yi ba wani zai yi.

Ranar da na fito da ita, ban taɓa jin daɗin duniya irin na ran nan ba. Ina kallon rufin ƙananan motoci daga sama. Na bi ta majalisarmu a hankali, na wuce, na sake dawowa wai na manta wani abu.

Daga nan aka shiga biyan bashi. In ka ɗaga irin wannan ƙafar, hannayen nan biyu sai su rataya ƙasa fiye da yadda aka tsara su. Boljoyin ɗin sama ya koma aiki a karkace. Kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana ta ragu, sai motar ta fara yawo a kan titi, kana riƙe da ita tana neman nata wuri. Mai alaimen ya yi iya yinsa ya ce abin ya fi ƙarfin notinan da ke wurin, sai an sayo wasu hannayen sama da aka yi domin motar da aka ɗaga. Na sayo. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba shi ma ya koma aiki a gicciye, robobinsa suka riƙa gugar juna har suka yage, giris ya fantsama ko'ina. Na sauya. Ina tsaye ina kallon motar daga nesa kuma sai na ga tayoyin sun yi mata ƙanana, ga fili fetal tsakaninsu da madigadi. Na cire masu lamba 265/65 R17 da ta zo da su, na sa 285/70 R17. Da na karya sitiyari zuwa ƙarshe sai suka fara gugar jikin mota. Aka kawo mai walda ya yanke, ya bubbuga. Ina tsaye ina kallo ana saran lafiyayyar mota da kuɗina, har ina nuna masa inda zai ƙara.

Tunda lissafi ne sana'ata, wata rana na zauna na buga. Tsohuwar tayar tsayinta milimita 776 ne, sabuwar 831. Bambancin ya kai kashi 7 cikin ɗari, ma'ana in allon gudu ya nuna 100, ina kan 107 ban sani ba. Sannan ƙarfen baya da ke haɗa tayoyin biyu, wanda shi ne yake fara taɓa ƙasa a hanyar gona, ɗaga sifirin ba ya matsar da shi ko kaɗan, taya ce kawai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Duk wannan hidima, abin da na samu a wurin bai cika santimita 3 ba. Na rufe littafin na ɓoye shi. Manyan tayoyi kuma sun fi nauyi, sun fi shan mai, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita sai an yi shawara da zuci kafin a saya.

Wadda ta fi ba ni kunya ita ce mahaifiyata. Na je ɗaukarta zuwa asibiti, ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta ɗaga ƙafa ta kasa kaiwa. Ta dube ni ta ce, "Kai kuwa, motar ce take girma ko ni ce nake komawa ƙasa?" Na ce an ɗan gyara ta ne, Hajiya. Ta ce, "Da ta lalace ne?" Sai da aka ɗauko kujerar tsakar gida ta taka. Tun daga ranar kujerar take bayan motar, a ɗaure da igiya, kusa da jak.

A majalisa kuwa ni ne malamin tarihi. Ina ba su labarin yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har ake yi masa laƙabi da yaƙin Toyota, yadda sojojin Hissène Habré a kan a-kori-kura suka tarwatsa tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum. Ina ba su labarin direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da lodi har sama. Ina faɗi ina dukan ƙirji, sai ka ce da ni aka yi. Wani abokina da ba ya ragawa ya taɓa tambayata ko su ma waɗancan sai da suka kalli YouTube kafin su tashi. Na ce masa zamani ya canja, na kawo zancen siyasa.

Akwai abu guda na gaske da na koya a duk wannan wahala, kuma shi ma na mayar da shi fitina. Bushin na roba ba a ɗaure notinsa tamau mota tana rataye a jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ƙarasa ɗaurewa. In ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta tsage da wuri. Tun da na san wannan, babu yaron garejin da ya huta. Ina tsugune a bayansu da farar shadda ina cewa, "Kada ka ɗaure! A sauke ta tukuna!" Su da suke wannan aiki tun suna 'yan shekara goma. Yanzu da sun hango ni sai su ce, "Ga Injiniya nan." Na daɗe ina amsawa da fara'a kafin in lura cewa suna faɗi ne suna kallon juna.

A gida akwai ɗakin ajiya da uwargida ta so ta mayar na ɗinki. Yanzu cike yake da tsofaffin shokazoba da hannayen sama da tayarod, mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, don ba lalacewa suka yi aka cire su ba. Duk ɗan gwangwan da ya bi ta layinmu ya san gidan. Ta sha yi musu ciniki, ni kuma in dawo in hana, wai za su yi amfani wata rana. Farashin kaya kuwa iri biyu ne a wajena, akwai na kasuwa, akwai wanda nake faɗi a gida. Ina zargin ta san da haka, domin duk abin da na ce mata na saya, sai ta ce, "To, mu ninka biyu ke nan."

Na yi ƙoƙarin tuba. Na yi alkawari a gaban iyali cewa ba za a sake kwance ko noti ɗaya ba sai bakanikena da kansa ya ce a kwance. Na riƙe alkawarin har na fara alfahari da kaina. Sai ƙofar gidanmu ta buƙaci ƙarfe, na tafi Ƙofar Ruwa saye. Ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a layin 'yan kayan mota, riƙe da wani boljoyin mai lamba 555 ɗan Japan, ina jujjuya shi a haske, ina yaba santsinsa. Mai shagon bai ma yi mini tallarsa ba. Na sayi guda biyu, don ba a sauya ɓangare ɗaya a bar ɗaya. Ƙarfen ƙofar kuwa sai da aka sake aiken yaro.

Saboda haka ina roƙon kanikawan Kano da kewaye, don girman Allah. In wani mutum mai furfura a gemu ya shigo garejinku ya ce yana jin wata 'yar ƙara a gefen dama, ku ɗaga motar, ku jijjiga tayar don ransa ya yi sanyi, ku karɓi kuɗin dubawa, ku ce masa ƙalau take. In ya yi gardama ku leƙa ƙarƙashin kujera. Ba za ku kasa gane shi ba: farar Hilux ce doguwa, da kujerar tsakar gida ɗaure a bayanta.