Zuwa ga Bawana na Bwari, Mai Neman Kwamfuta Mai Lanƙwasa

Bazazzagi, bawan Kanawa, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida ke yi wa yaronsa, wato daga zaune.

Saƙonka ya iso ni daren Talata, murya ta minti bakwai cur, wai kana neman shawara. Sau biyu na saurara, ba don ban gane ba, sai don in more yadda kake cewa "kwamfutan nan siriri ne, kuma yana lanƙwashewa." Tun 1962 kuke da jami'a a Samaru, kun yaye farfesoshi sun fi a ƙirga, amma har yau kun kasa raba mace da namiji a magana. Kwamfuta mace ce, Malam. Siririya ce, tana lanƙwashewa. Mu gyara wannan tukuna kafin mu taɓa aljihunka.

Na san inda ciwon ya kama ka, ko ba ka faɗa ba. Tun da aka dawo da hedikwatar makarantar horon lauyoyi daga Legas zuwa Bwari a 1997, garin nan bai rabu da samari da 'yan mata masu baƙi da fari ba, kowa da jakarsa a kafaɗa. Ka je shan shayi kusa da ƙofar makarantar, ka ga wani yaro ya buɗe kwamfuta, ya tura fuskarta baya har ta kwanta a gadon bayanta, ya zaro alƙalami yana rubutu a kan gilashi. Nan take shayin ya fita ranka. Ka koma gida ka dubi tsohuwar taka, wadda ba ta tashi sai an jona ta a bango kamar firji, wadda fankarta ke gurnani kamar injin markaɗe, ka ji duniya ta tafi ta bar ka a tasha.

To, abin da ka gani ba tsafi ba ne, kuma ba sabo ba ne. A 2012 kamfanin Lenovo ya fito da wadda ya raɗa wa suna Yoga, mai gaɓar da ke juyawa zagaye guda cif, digiri 360, a daidai lokacin da Windows 8 ta zo da zancen shafa fuska da yatsa. Sauran kamfanoni suka bi sahu. HP na da nasu da suke kira x360, Dell ma na da nasu, Microsoft kuwa suka bi wata hanya da Surface, inda madannan ke cirewa gaba ɗaya a bar ka da fuskar kaɗai. Mai juyawar tana zama iri huɗu: ka buɗe ta kamar kowace kwamfuta, ko ka kifa ta kamar bukkar makiyayi ka kalli fim, ko ka kwantar da madannan ƙasa fuskar na tsaye, ko ka naɗe ta duka ta koma allo. Na tabbata wannan na ƙarshen ne ya sace maka zuciya. Bazazzagi dai ko a Landan ka kai shi, in ya ga abu mai kama da allo sai ya nemi tawada.

Amma tsakaninka da Allah, me kake yi da kwamfuta? Ni na sani, don na sha zama a falonka. Kana buga wasiƙar ofis, kana cika jadawalin lissafi a ƙarshen wata, kana buɗe WhatsApp a babbar fuska saboda idon ya fara neman tabarau, da daddare kuma ka kunna wa'azi ka yi barci kafin malam ya gama gabatarwa. Sai kuma babban ɗanka da zai zauna jarrabawar JAMB, hukumar da hedikwatarta ke nan garinku. Tun 2015 suka koma yin jarrabawar da kwamfuta zalla, kuma a ɗakin jarrabawa babu shafa gilashi. Yaro zai danna A ko B ko C ko D ya zaɓi amsa, ya danna N ya wuce gaba, ya danna P ya dawo baya. Abin da yake bukata hannunsa ya saba da madannai. A duk wannan lissafi ban ga inda lanƙwasa ta shigo ba.

Ba na raina ta, kar ka je ka ce Bakano ya hana ka ci gaba. Lauyan nan da ka gani yana da hujja: yana karanta shari'o'i shafi ɗari-ɗari, yana ja musu layi, yana rubutu a gefe. Mai zanen gini, da malamin da ke duba aikin ɗalibai, da wanda kullum ake turo wa takarda ya sa hannu ya mayar, duk za su ci moriyarta. Kai kuwa rabonka da zane tun taswirar Nijeriya a firamare, ita ma da aka duba sai aka ga ta fi kama da ƙosai.

Sannan allon da kake mafarki yana da nauyi. Irin waɗannan masu inci 13 sukan kai kilo ɗaya da ɗigo uku ko kusa da haka, wato sun doshi nauyin babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. iPad ta gama-gari ba ta wuce rabin kilo. Ka ɗauki gorar ruwa a hannu ɗaya ka kishingiɗa kana karatu, mu ga minti nawa za ka yi kafin ta faɗo maka a hanci. Yawancin masu sayenta sati biyu suke yi suna juya ta a gaban baƙi, daga nan ta koma zaman kwamfuta na yau da kullum har ta tsufa.

Inda na ba ka gaskiya shi ne sirantakar. Mutumin da zai fito daga Bwari da asuba, ya wuce mahaɗar Ushafa, ya sauka Dutsen Alhaji, ya sake neman mota ta bi babban titin Kubwa zuwa cikin gari, an cusa su huɗu a baya, ya san bambancin kilo ɗaya da kilo biyu da rabi. Masu garin da kake zaune, Gbagyi, sun daɗe da sanin darajar kai, shi ya sa matansu ke ɗora kaya a kafaɗa. Su sun saba tun kakanni. Kafaɗarka kuwa da fate aka gina ta, ba za ta jure ba. Ƙaramar jaka kuma ba ta jan idon 'yan wan-cans kamar ƙatuwa. Don haka siririya, na yarda.

Sai dai ka san sirantaka ba kyauta ba ce, akwai abin da aka cire kafin ta sirance. Na farko, a mafi yawansu ram ɗin manne yake da uwar allon ciki, an liƙe shi da dalma, ba a cirewa ba a ƙarawa. Tsohuwar taka in ta yi nauyin jiki sai mai gyara ya buɗe bayanta ya ƙara mata. Wannan kuwa yadda ka saye ta haka za ku rabu. In mai shago ya nuna maka mai giga 4 ya ce ai daga baya a ƙara, ka gaishe shi ka fita. Giga 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 shi ne kwanciyar hankali. Ma'ajiyar kuma ta zama SSD, kada ta gaza giga 256, ka tambaya ko ita tana cirewa. Na biyu, ramukan jona kaya. Wasu an sirantar da su har babu inda za ka soka filashinka na da, babu na majigin ofis, sai ƙananan ramukan USB-C guda biyu, ɗaya ma caja ta tare shi. Sai ka sayi wata jela ka riƙa yawo da ita, ranar da ka manta ta a gida kuwa ranar shugaban sashe zai ce ka haska rahotonka a bango.

Na uku ya fi ba ni tsoro saboda na san gidanka. Fuskar mai shafawa gilashi ne da na'urar jin yatsa da ainihin sikirin a manne wuri guda. In ta tsage, duka ake canzawa, kuɗin kuma ya ninka na fuskar da ba a shafawa. Kana da autan da ya taɓa jefa rimot a randa. Ka ba shi abin da ake kallon katun a kai, mai naɗewa kamar littafi, ka ce me zai faru? Ita kanta gaɓar, wadda masu gyara ke kira hinji, wayoyin fuska ta cikinta suke bi, kullum ana murɗa su. Ga ƙurar hunturu da ke sauko muku daga duwatsu ta toshe 'yar fankar da ba ta fi murfin kwalba ba. In ka ɗora ta a katifa, kamar yadda na san za ka yi, ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta.

Yanzu kasuwa, inda nan ne fagen Bakano, kai kuma ɗan kallo. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar a farkon 2024, sabuwa a kwali ta fi ƙarfin ɗan albashi irinka. Ta hannu za ka saya, wadda ake ce wa ta Landan ko da daga Amurka ta fito. Ba aibi ba ne. Yawancinsu kayan ofisoshin Turai ne da aka sallama bayan 'yan shekaru, irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad, kuma an gina su da ƙwari fiye da na 'yan gayu. Za ka same su a Banex da ke Wuse 2, kamar yadda muke samunsu a titin Beirut a Kano.

Ga tarkon da ke kama masu ilimi irinku. Za ka ga takarda manne an rubuta i7, a gefe wata an rubuta i5, sai lissafin Samaru ya ce maka bakwai ta fi biyar. Ka dubi lambar da ke bin bayan 'yar sandar nan tukuna, ita ke faɗin zubin. In ka ga i7-7600U, zubi na bakwai ne, leburori biyu ke aiki a cikinta. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, leburori huɗu. Biyar ɗin ta fi bakwai ɗin. Na san wannan zai hana ka barci, amma haka abin yake. Kuma akwai dalilin da ya fi wannan: Microsoft ta tsayar da ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kulawarta ta yau da kullum da Windows 10, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas take karɓar yawancin injinan Intel. Misali, EliteBook x360 1030 G2, wadda ta cika shaguna kuma take da kyau kamar amarya, zubi na bakwai ce. Ƙanwarta G3 ita ce ta takwas. Lamba ɗaya ce kawai tsakaninsu, kuma ba kowane mai shago zai tsaya yi maka wannan tafsiri ba. Ana iya tura wa tsohuwar Windows 11 ta bayan gida, amma wannan zaman haya ne ba da takarda ba.

Batir kuma ba a tambayar mai kaya lafiyarsa, kamar yadda ba a tambayar mai nono ko nononta ya yi tsami. Akwai umarnin da ake bugawa a Windows, powercfg /batteryreport, ya fito maka da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. In ya zube ƙasa da kashi bakwai cikin goma, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Ka kwantar da ita a tebur ka duba ko wurin shafa yatsa ya ɗago, alamar batir ya kumbura ke nan. Ka juya gaɓar a hankali har ƙarshe kana sauraro, ka sake ta a rabi ka ga ko fuskar za ta tsaya da kanta. Ka ja yatsa kusurwa zuwa kusurwa ka ga ko akwai inda ba ta ji. A kashe ta a kunna a gabanka, a shiga saitin farko na inji, don wasu na zuwa da makullin tsohon ofishinsu, ranar da ta rikice babu mai buɗe maka. Na taɓa sayen irin wannan a wani shago, shekaru da suka wuce, kuma ba zan sake ba da labarin ba, don Bakano ba ya tallata ranar da aka yi masa wayo.

Abu guda da zan ce ka nace a kai ko da za ka bar lanƙwasar: ta zama tana caji ta USB-C. Ka san halin wuta. Mai irin wannan rami, fawa banki mai ƙarfin wat 65 zai tashe ta, caja ɗaya kuma ta ishe ka da ita da wayarka. Wannan zai yi maka amfani sau ɗari kafin bukkar makiyayi ta yi maka sau ɗaya.

Kar kuma ka kuskura ka je cinikin kai kaɗai. Tarihinku a wannan yanki bai nuna kun iya riƙe kaya ba. Kakanninku suka baro Zariya bayan jihadi, Sarki Makau a gaba, ƙaninsa Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka sa masa sunansa. Kuka riƙe sunan nan kusan shekara ɗari da hamsin. A Fabrairun 1976 Bakano guda ɗaya, Janar Murtala Muhammad, ya ce a nan za a gina babban birni, aka ɗauke sunan Abuja sukutum aka bar muku Suleja. Yau ga ka kana biyan haya a gefen birnin da ke amsa sunan kakanka. Mutanen da aka karɓe wa sunan gari suna kallo, yaron shago a Wuse zai bar musu canji?

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Siririya mai inci 13 ko 14, zubi na takwas ko sama, ram 16 in aljihu ya yarda, mai caji ta USB-C, mai ramin filash ko da ɗaya ne. In mun sami mai lanƙwasa da ta cika waɗannan kuma bambancin kuɗin bai wuce na cefanen sati ba, na yarje maka, ka je ka juya ta a gaban surukanka. In ya wuce haka, za ka ɗauki wadda ba ta lanƙwasa, in saya maka allon katako a kasuwar Bwari ka haɗa da ita.

Asabar ƙarfe goma ina jiranka a mahaɗar Dutse. Ka zo da kuɗin a asusu, ba a aljihun babbar riga ba, kuma in mun shiga shago ka yi shiru, don da ka buɗe baki ka ce "wannan kwamfutan nawa ne shi" farashi zai tashi. Ladan rakiya kwanon fate ne, a gaya wa uwargida ta sa yakuwa da yawa. Kuɗin sharar bara da ka maƙale tun watan cika-ciki kuma ka haɗo da su, ban manta ba.