Idan Ƙaninka Ya Miƙo Maka Labarin da Bai Gama Rubutawa Ba

Da farko dai, Yaya, ka ɓoye jan biron nan. Sa shi a aljihun rigar da za ka ba mai wanki, ko ka ba yara su yi zane da shi. Yaron da ya tsaya a ƙofar zaurenka a unguwar Magajiya bayan sallar isha'i, yana murza littafin rubutu na 'yan makaranta, yana cewa, "Yaya, wani ɗan abu ne na rubuta, in ka samu sarari ka duba mini," ya daɗe yana rubutu da hasken waya bayan an ɗauke wuta, kuma kai ne mutum na farko da ya yarda ya nuna wa. Abin da zai fito daga bakinka shi zai sa ko dai a haifi babi na huɗu, ko kuma littafin ya koma ƙarƙashin katifa har gara ta cinye.

Kafin ka buɗe, yi masa tambaya ɗaya: "Ka gama ne, ko kana ciki?" Mu mutanen Suleja bai kamata a koya mana dalilin wannan tambaya ba. A garin nan, tun sunansa Abuja, Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, kuma a nan Ladi Kwali ta fara aiki a 1954, ita da hotonta ke bayan takardar naira 20. Duk maginiya ta san ba a ƙwanƙwasa ɗanyar tukunya don a ji amonta. Tallafe ta ake yi, a shafa, a daidaita baki. Sai ta sha iska ta shiga wuta sannan ta iya ɗaukar duka. In ya ce yana ciki, to ɗanya ce a hannunka.

Yanzu ka lura kada ka zama ɗaya daga cikin mutanen da suka hana mu littattafai masu yawa. Akwai malamin ƙa'idar rubutu, wanda tun layin farko zai tsaya ya ce an rubuta "kasa" alhali "ƙasa" ake nufi, ga "ya na" da aka raba, ga "zanje" da aka haɗe. Gaskiyarsa ce, kuma ranar wannan gyaran tana nan tafe. Amma yaro ya kashe sarki a shafi na shida, gimbiya ta tsere cikin dare, shi kuwa malam yana can yana neman lanƙwasa a kan ɗ. Akwai kuma mai "da ni ne". Wannan yakan karanta shafi biyu ya ajiye, ya gyara zama, ya ba ka labarin littafin da shi zai rubuta in ya yi ritaya. Sai mai shiru, wanda ya fi su duka ɓarna. Ya karɓa da "insha Allahu", aka yi azumi, aka yi ƙaramar salla, aka yi babba, kullum sai su haɗu a masallaci ya yi gaisuwa har da tambayar mutanen gida, littafi kuwa ko a mafarki. Yaro ba zai ɗauka aiki ne ya yi maka yawa ba. Zai ɗauka abin ya munana har ka rasa bakin faɗa.

Kada kuma tausayi ya kai ka ga zama mai "masha Allah". Ka ce masa ya fi Abubakar Imam, ya tafi gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya kwana yana lissafin kuɗin da zai samu. Gobe in ya zauna rubutu sai hannu ya ƙi motsi, domin wanda aka ce ya fi Imam ba ya son ya rubuta jimlar da za ta ƙaryata maganar.

Tun da an ambaci Imam, labarinsa ya isa darasi, kuma ɗan jiharmu ne, a Kagara aka haife shi a 1911. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, bai wuce shekara 22 ba, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Daga gasar nan aka samu Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ruwan Bagaja na Imam kansa. East bai yi wa rubutun Imam shafa-shafa ba, ya nuna masa inda ya ɗauko labarai daga wasu littattafai. Amma dubi abin da ya haɗa da gyaran: ya buga littafin, sannan a 1936 ya sa aka kawo saurayin zuwa Zariya, ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ce a ci gaba. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku. A 1939 kuma Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gyara mai zafi ne, amma ya zo tare da gayyatar a sake rubuta wani, kuma wannan gayyatar ce take riƙe marubuci.

To kai ba ka da maɗaba'a, amma kana da shayi da tabarma. Karanta abin a daren da aka ba ka, ko kashegari. Da kun zauna, fara da wurin da ya kama ka, kuma ka kira wurin da sunansa: "Inda tsohuwar nan ta ƙi karɓar goron, na ajiye kofi na sake karantawa." Jimla ɗaya irin wannan ta fi yabo buhu guda, domin ta shaida masa cewa ka karanta da gaske, ta kuma nuna masa abin da ya iya, wanda sau da yawa shi kansa bai sani ba. Daga nan sai tambayoyi. Me ya sa direban ya koma Madalla bayan ya rantse ba zai koma ba? Wa ya gaya wa amaryar? In ka ga idonsa ya yi haske ya fara ba ka amsa yana wurga hannu, yi shiru ka bar shi, babi na gaba yake rubutawa da baki.

Aibi kuwa, ka zaɓi guda ɗaya, mafi girma, ka faɗa ba kwana-kwana. In labarin bai fara ba sai a shafi na goma, ka ce, "Ƙanena, a nan labarinka ya tashi, na baya duk sallama ce." Sauran aibobin ka rubuta su a takardarka ka adana. Rabinsu za su mutu da kansu kafin ya kai ƙarshe. Kuma don Allah kada ka kai littafin majalisa ka karanta wa abokai ana dariya, ko da dariyar jin daɗi ce. Kai kaɗai ya ba.

In ƙanwarka ce ta kawo, Yaya ko Anti, ka ninka hattara, domin wataƙila kafin ta iso gare ka an riga an ce mata rubutun littafi zaman banza ne. Gaya mata cewa a 2016 sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, kuma marubuciya Balaraba Ramat Yakubu ma da shafin farko ta fara.

Kai ma marubuci, ga naka. Kada ka rubuta shafi uku ka zagaye unguwa da su tun daga Magajiya har Kurmin Sarki. Labarin da ka ba mutum goma da baki, ƙishirwar rubuta shi takan tafi. Zaɓi mutum ɗaya, ka gaya masa abin da kake so ya duba.

Kafin ƙaninka ya tashi, Yaya, ku tsayar da rana. Ka ce Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, kana jiran babi na huɗu, kuma kana son sanin ko tsohuwar nan ta karɓi goron daga baya. In Juma'a ta zo bai zo ba, ka aika yaro gidansu ya kira maka shi.