Janareto ma makaɗi ne

Ɗan ƙanwata ya buɗe situdiyo a Mugulbu: ɗaki guda, kwamfuta mai FL Studio, sai katifu biyu da aka jingina a bango su sha amo. Rannan na iske shi yana ta jan layi a allo, ya ce, "Kawu, gyaran ganga nake yi."

Ganga dai ban gani ba. Ya ce ƙugin babbar ganga yana tsakanin hartiz 60 da 100, wajen 300 kuma akwai wani dagwalo da ake ragewa, kamar kwashe kumfa daga kan miya.

Babban abokin gabarsa janareto. Wutar Najeriya, har da ta janareto, hartiz 50 take kaɗawa, sai gurnaninta ya bi waya ya shiga rikodin, ya zauna gab da babbar ganga kamar maƙwabci mai cin iyaka. In ya yanke shi da faɗi, ganga ta rame. In ya bar shi, janareto ya shiga sahun makaɗa, ba ko sallama.

Sai kalangu, wanda bai san zama wuri ɗaya ba. Makaɗi ya matse tsirkiya a hammata, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Yaro ya ɗana tarko a nan, kalangu ya riga ya kai garin Sahuda.

Kwana uku yaron ya yi yana lallashin ƙugin nan. Mai waƙar ya zo ya tura ta a ƙaramar wayarsa, wadda lasifikarta ba ta taɓa jin labarin hartiz 80 ba. Ya kara a kunne, ya ce, "Malam, ina gangar?"