Ranar da Na Zama Famfon Mai a Shiroro

Mu mutanen Paiko doya muka sani. Ruwan da ya wuce gwiwa daga nesa muke gaishe shi. Amma wani dillali ya rantse mini cewa a ƙetaren tafkin Shiroro doya kamar kyauta take, sai na bi ta Minna da Gwada na sauka Zumba, na shiga kwalekwale mai tsohon inji mai ƙarfin doki 40.

Muna tsakiyar ruwa injin ya yi tari, ya yi shiru. Wata tsohuwa ta fara salati. Wani mai awaki ya ce mutanen ruwa ne, a jefa musu goro. Ni kuwa ina tunanin madatsar nan da aka buɗe a 1990 a kan kogin Kaduna, mai megawat 600, ga shi muna zaune a kan ruwanta ba mu da ƙarfin doki ko ɗaya.

Mai jirgin, yaro ne da bai kai ɗana na fari ba, bai kula kowa ba. Ya sassauta ƙusar iska ta murfin tanki, ya kwance matatar mai ya duba ko da ruwa, ya goge fulogi. Sannan ya matsa 'yar ƙwallon robar da ke jikin tiyo har ta yi tauri, ya ja igiya. Inji ya tashi. Ya saki ƙwallon, ba a jima ba ya sake mutuwa.

"Famfo ne," in ji shi. "Akwai wata siririyar roba a ciki, bugun fistin ke kaɗa ta ta zuƙo mai. Ta tsage." Sai ya ƙare wa hannuwana kallo. "Kawu, dawo nan. Kai ne famfo yanzu."

Haka na tsuguna da babbar rigata ina matsa roba. In na sassauta, inji ya shaƙe, tsohuwa ta daka mini tsawa: "Malam, matsa mana, marayu gare ni!" Hancina ya yi ta ƙaiƙayi, mai awaki ne ya sosa mini.

Da muka taka tudu, yatsuna sun ƙi miƙewa. Na ce wa yaron ko ladan aiki ai a yi mini ragi.

"Ragi, Kawu? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ga wanda ya sha mini fetur irinka ba. Matsawa na ce, ban ce ka tatse ni ba. Cika ɗari biyu."