Ranar da Na Kashe Ango

Yabo ne ya lalata ni. Na sauke Canva a waya, na haɗa wa wata mai turaren wuta ɗan talla, ta ce, "Kai, ashe gwani ne kai!" Shi ke nan kaina ya kumbura. Duk allon shagon da na gani a titi sai in girgiza kai ina tausaya wa mai shi.

Ana cikin haka Kawu ya bugo waya daga Kumasi. Danginmu na can sun daɗe a Aboabo, tun kakanni masu fataucin goro. Ɗansa zai yi aure, yana son kati da babbar fasta ta ƙofar gida, fari da kore, ko ruwan zinare. Na ce, "Haba Kawu, ai wannan na mutanen da ne." Na gyara zama na buɗe masa aji. Na ce ja launin jini ne da wuta, ido ba ya tsallake shi, shi ya sa da shi fitilar titi take tsayar da mota. Baƙi kuwa kwarjini ne da isa. In suka haɗu, magana ta ƙare. Na kawo masa AC Milan da ke sa ja da baƙi tun kafuwarta a 1899, na kawo Netflix, har tutar Angola ta 1975 ban ƙyale ba. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Na ɗauka hujja ce ta kama shi. Ashe kuɗin wayarsa ne ke ƙarewa.

Na kwana ina aiki. Bango baƙi wuluk, rubutu jawur mai lanƙwashe-lanƙwashe, hoton ango a tsakiya cikin da'ira, da farar hula, yana kallon sama. Don ƙarin armashi na zuba furanni a ƙasa, na sa wani haske-haske a bayan kansa. Rana kuma Asabar. Na tura aka buga a can, ni kuma na kama hanya.

Tun kafin mu shiga Kumasi na fara ganin manyan fastoci a bakin titi, ja da baƙi, kowacce da fuskar mutum a tsakiya. Daɗi ya kama ni. Na taɓa na kusa da ni a mota na ce, "Gaskiya mutanen Gana sun waye, sun san launi." Ya kalle ni, ya kau da kai.

A ƙofar gida na fara shan kunya. Allon waya yana da haskensa na kansa, ledar fasta kuwa ba ta da shi, sai jan nan nawa ya dushe ya koma kamar busasshen zoɓo. Daga tsallaken titi ba a iya karanta ko harafi ɗaya, fuskar ango kaɗai ake gani. Kawu ya tsaya dab da fastar ya ce, "Yaro, ina rubutun?" Na ce ya kamata ya canza tabarau. Daga baya na san cewa kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya rarrabe wasu launuka, wasunsu ma ja kusan baƙi suke ganinsa. Da aka kai katin wurin mai hotokwafi don a raba a masallaci, jan ya narke cikin baƙin, takarda ta fito duhu ɗaya, sai hula da haƙoran ango.

Duk wannan somin-taɓi ne. Da hantsin Asabar ina zaune a benci ƙarƙashin aikina, ina jiran wanda zai tambayi wa ya zana, sai ga ayarin maƙwabta 'yan Ashanti, mata da maza, cikin baƙaƙen zannuwa, wasu da jan ƙyalle a ka. Wallahi sai da na ji hawayen farin ciki: ashe har anko suka yi da launina! Suka fara miƙa hannu daga dama zuwa hagu, fuska a murtuke. Ni kuwa ina washe baki ina cewa, "Mun gode, Allah ya maimaita mana!" Wani dattijo ya miƙo mini ambulan, na soke a aljihu na ce gudunmawar biki ta fara shigowa.

Abin da kowane yaro a Kumasi ya sani, ni gwani ban sani ba, shi ne ja da baƙi kayan makoki ne a wurin Ashanti. Jan zanen da suke kira kobene na makusantan mamaci ne, kuntunkuni mai duhu shi ma na zaman makoki ne, kuma Asabar ce babbar ranar bikin mutuwa. Fastocin da na yi ta yabawa a hanya, duk na matattu ne. Bayin Allah sun san Musulmi ba sa jinkirta jana'iza, sai suka ɗauka an riga an binne yaron, addu'a ce za a yi masa.

Daidai lokacin ango ya fito daga soro, da tawul a wuya, yana asuwaki. Wata tsohuwa ta kurma ihu, ta zubar da jakarta, ta bi lungu ba takalmi. Dattijon nan ya kalli fasta, ya kalli ango, ya sake kallon fasta. Wayar Kawu ta ɗau ƙara: daga gidan amarya ne, ana kuka. Ni kuma ina tsaye da kuɗin ta'aziyya a aljihu, mutumin da ya gama yi wa masu makoki fatan Allah ya maimaita.

Kawu bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce kawai, "Malam mai launi, mayar musu da ambulan." Haka na bi gida-gida ina ba da haƙuri ta bakin tafinta, yara na biye da ni. An ɗaura aure lafiya, maƙwabtan ma sun dawo cikin fararen kaya sun ci shinkafa suna nuna ni da baki. Fastar kuwa an rufe akurkin kaji da ita, fuskar na kallon ƙasa.

Angon yana nan da ransa, har ya yi tumbi. Amma daga Kumasi har Kano, in ba ka ce Marigayi ba, babu wanda zai gane wa kake nufi.